Lamunin Sabulu Mai Bushiya

A Sharada, bayan wani kamfanin robobi da ya daɗe da mutuwa, akwai 'yar masana'antar sabulun wanki ta wani mutum da ake kira Labaran. A jikin kowace sandar sabulunsa akwai hoton bushiya, amma ba bushiya ya nufa ba. Rana ya ce wa maƙeri ya sassaƙa masa a tambari, mai haske ta ko'ina. Da aka buga a jikin sabulu sai ta fito da ƙayoyi da ɗan tsinin baki, mata kuma suka shiga aiko yara su sayo musu mai bushiya. Labaran ya yi ta fushi, daga baya da ya ga ana saye sai ya ƙyale ta.

Matarsa Mas'uda 'yar fari ce a wurin Alhaji Musbahu na Bompai, mai sabulu mai jimina, wanda tun Labaran yana yaro ake wanki da shi a Kano. Sana'arsu ɗaya ke nan da surukinsa, amma ba su taɓa yin zancenta ba ko sau ɗaya. Labaran mutum ne mai kunyar surukai irin ta mutanen da. Idan ya je gaisuwa, tun daga bakin titi yake cire takalmi, ya durƙusa a ƙofar falo, ya gaisar da kansa a ƙasa, ya tashi. Sunan Alhaji ba ya fita daga bakinsa, har idan wani Musbahu ya zo neman aiki sai ya sa masa wani suna. Ya taɓa hango motar Alhaji a titin Sharada, ya laɓe a bayan tankar mai, tankar ta ja a hankali, shi kuma ya yi ta bin gefenta da sassarfa har kwanar da ba nan za shi ba. Alhaji ma nasa salon ke nan. Ba ya kiran sunan 'yarsa saboda ta fari ce, sai dai ya ce yarinyar nan, mijinta kuwa mutumin Sharada.

Wata rana Labaran ya ji a rediyo cewa wata hukumar gwamnati mai kula da asibitoci tana neman wanda zai kawo mata sabulun wanki mai yawa, duk mai so ya je ya yi tayi. Ya daɗe yana mafarkin irin wannan. Yakan zauna a bakin tukunyar sabulu yana kallon kumfa, yana ganin bushiyarsa a hannun masu wankin zannuwan asibiti daga nan har bakin iyaka. Ya sa babbar riga ya tafi ofishin.

Shugabar sashen sayayya, Hajiya Aina'u, mace ce mai tabarau da magana a tsanake. Ta yi masa bayani cewa kowa zai rubuta farashinsa ya rufe a ambulan, ya jefa a akwati, ba mai ganin na wani sai ranar buɗewa. Kuma dole a haɗa da takardar lamuni daga banki, ta kashi biyu cikin ɗari na kuɗin tayin. Amfaninta, in ji Hajiya, shi ne a tabbatar mutum da gaske yake: idan bai ci ba a mayar masa da takardarsa, idan ya ci ya sa hannu a mayar masa, amma idan ya janye bayan an buɗe akwati, to hukuma za ta karɓi kuɗin daga banki, banki kuma ya juyo kansa. Ta faɗi wasu sharuɗɗan bayan wannan, sai dai a lokacin hankalin Labaran ya tafi kan wata fanka da ke saman ofishin, wadda take juyawa ba tare da iska ta sauko ba, yana ta tunanin ina iskar take zuwa. Ya gyaɗa kai ya ce ya fahimta. Shi da ya zo nema, me zai sa ya janye?

Banki ya ce zai ba da takardar, amma sai ya riƙe wani abu. Ma'aikacinsu ya zo Sharada ya duba injin dama sabulu, wanda Labaran ya haɗa da kansa da giyar tsohuwar tirela da tankin ruwa. Ya zagaya shi, ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera, Labaran ya nuna ƙirjinsa. Mutumin ya yaba ƙwarai, ya ce banki ba zai riƙe wannan ba.

Mas'uda ce ta fitar da shi daga wannan matsala. Tana da fili a Na'ibawa da ta gada daga mahaifiyarta, da wata tsohuwar ɗorawa a tsakiyarsa, ba ta taɓa yarda a yi zancen sayar da shi ba. Ta ɗauko takardun daga ƙasan akwatin zannuwanta ta miƙa masa, amma ba ta saki nan da nan ba.

"Baban Lubna, aro na ba ka. Yadda ka karɓa haka za ka dawo min da su."

Ya ce ai ko ƙura ba za ta taɓa su ba, kwana kawai za su yi a banki su dawo.

Ranar buɗe akwati aka tara masu tayi a wani zaure. Labaran ya zo da wuri ya zauna a baya. Ana gab da farawa sai ya hango wata hula a layin gaba, doguwa, an karya ta gefen hagu, da wata ƙeya da ya sani sarai ko da yake bai taɓa kallon fuskar mai ita da kyau ba. Surukinsa ne. Ya duba ƙofa, ya ga an riga an rufe, ɗan sanda yana tsaye. Ya zame a kujera har gwiwoyinsa suka taɓa ta gaba.

Aka buɗe akwati, aka shiga karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da ƙarfi, ana ɗaga takardar lamuninsa kowa ya gani. Wani an same shi ba takardar, aka ajiye tayinsa gefe tun a nan, ya yi ta rantsuwa cewa a mota ya manta. Aka karanta mai jimina. Can aka karanta mai bushiya, kuma duk zauren ba wanda ya kai shi sauƙi, mai jimina ne ke bi masa. Hular gaba ba ta juyo ba. Ta ɗan karkata kaɗan, ta koma daidai. Da aka tashi, Labaran ya tsaya yana gyaran igiyar takalmin da ba shi da igiya har zauren ya watse.

Kafin la'asar labari ya zaga Sharada. Masu shayi, masu gadi, direbobin a-daidaita-sahu da ke jiran ma'aikata su tashi, kowa da abin da zai ce. Wani ya ce bushiya ta kori jimina. Wani dattijo mai sayar da man alayyadi bai yi dariya ba, ya ce shi a kasuwar da ya tashi, idan babba ya taya kaya, yaro ba ya sa baki sai babban ya ce ya haƙura, balle suruki, balle a gaban jama'a da lasifika. Wannan maganar ce ta zauna wa Labaran a ƙirji, domin shi ma haka ya sani.

Da takarda ta iso cewa an tantance, shi ya ci, ya zo ya sa hannu kafin wa'adi ya cika, bai nuna wa kowa ba. Ya koma wurin Hajiya Aina'u, ya zauna a bakin kujera, ya yi ta gaisuwa har ta cire tabarau ta tambaye shi lafiya. Ya ce ya zo ne ya janye, a bai wa na biyu.

"Kayan ne ba za ka iya kawowa ba?"

"Zan iya, Hajiya. Na biyun ne... baban mai ɗakina ne."

Hajiya ta mayar da tabarau. Ta ce ta yi shekara da shekaru a wannan kujera, ta ga wanda ya janye don farashin kaya ya tashi, ta ga wanda ya janye don dama ba shi da ko shago, amma ba ta taɓa ganin wanda ya janye don kunya ba. Ta jawo littafin dokar ta buɗe, ta ce ya duba da kansa, babu inda aka rubuta suruki.

"Malam Labaran, idan ka janye, lamuninka ya tafi. Me banki ya riƙe maka?"

Ya ce fili ne. Ta tambaya na wa. Ya ce na mai ɗakinsa ne.

"Wato za ka ƙona filin 'yar don ka girmama uban."

Ta ƙara da cewa ya yi hankali kuma, kada a ce shi da surukinsa sun haɗa baki ne tun farko, ɗaya ya karya farashi ya kori mutane sannan ya janye wa ɗayan, domin wannan laifi ne da zai sa a hana su duka biyun neman kwangila. Labaran ya ce su da ko gaisuwa ba sa haɗa ido, ina za su haɗa baki. Hajiya ta ce ta yarda, amma ba ita kaɗai ke duba takardu ba.

Ya fito ya rasa inda zai sa kansa. Idan ya sa hannu, ya tabbatar wa duniya ya kayar da surukinsa kuma ya ɗauke abin. Idan ya janye, ɗorawar Na'ibawa ta zama ta banki. A cikin a-daidaita-sahu, wajen gadar da ake gyara, dabara ta zo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai. Ai a gida, idan aka nemi abu wurin mutum, ba ya so ya ce e, kuma kunya ta hana shi cewa a'a, shiru yake yi. Ba ya zuwa, ba ya aike, masu hankali su gane, magana ta mutu da kanta ba wanda ya ji ciwo. To shi ma ba zai ce ya janye ba, balle a taɓa fili, kuma ba zai je ya sa hannu ba. Hukuma cike take da manya masu hankali. Za su jira, su gane, su kira mai jimina a hankali.

Saboda kada a same shi a Sharada, kullum da safe sai ya kashe waya ya wuce Challawa wurin abokinsa Sagir, wanda yake shugaban leburori a wani kamfanin jima. Can yake wuni a kan benci a gindin katanga, yana kallon fatun awaki da aka shanya jere-jere, yana lissafa a ransa wace akuya ce ta fi wata jin daɗin duniya. Warin wurin ya kama rigunansa. Sagir ya ce bai taɓa ganin mai sabulu da ke gudun wanka irinsa ba.

Mas'uda ta ji warin tun ranar farko, ta gane inda yake wuni. Sai da masinjan hukuma ya gaji da zuwa Sharada ya kawo takardar tuni har gida, ta karanta, sannan ta tare shi bayan ya ci abincin safe. Ta ce takardar ta ce wanda ya ci kwangila ya ƙi zuwa sa hannu, hukuncinsa ɗaya da wanda ya janye, kuma wa'adin ya kusa. Wannan na cikin sharuɗɗan da fanka ta cinye. Labaran ya ce haka suke rubutawa don tsoratarwa, amma ai mutane ne, za su gane. Ta tambaye shi ko akwatin da ya jefa ambulan a ciki ya yi masa kama da mai ganewa. Ya ce ta bar masa, yana da shiri. Ta dube shi, ta dubi hularsa da ya sa a karkace, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da hantsi yana kan bencinsa a Challawa sai ya ga wata tsohuwar marsandi fara ta shigo layin a hankali tana kauce wa kwatami. Ganin motar Alhaji ce, ya miƙe zumbur ya faɗa cikin rumfar shanya, ya tsaya tsakanin fatun shanu ya daina motsi. Yana ji direba ya yi sallama, yana ji Sagir ya amsa. Sagir da ya yi alkawarin ko sojoji ne suka zo zai ce bai gan shi ba, da ya ga farin gemu a bayan mota sai ya durƙusa ya ce, "Yana cikin fatu, ranka ya daɗe, na uku daga dama."

Direban, wani tsoho mai suna Ado, ya zo ya ɗaga fata ya ce Alhaji na kira. Labaran ya fito ya cire takalmi a cikin caɓin majema, ya durƙusa a gefen mota. Alhaji Musbahu bai dube shi ba, gaba yake kallo.

"Ado, ka ce wa mutumin Sharada ya shiga gaba. Ka sauke gilashi duka."

Suka kama hanyar gari. Labaran ya manne da ƙofa, takalmansa a kan cinya. Alhaji ya yi ta magana da ƙeyar Ado. Ya ce shi a sana'ar nan Larabawan nan Kwara sun karya masa farashi, Indiyawa sun karya masa, 'yan Sin sun zo sun karya wa kowa, bai mutu ba, kuma ba wanda ya taɓa ɓuya a cikin fata don ya tausaya masa. Ya ce yarinyar nan ta zo masa da safe, tun da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa kawo ƙara ba, yau ma ba ƙara ta kawo ba, takarda ta ajiye masa ta koma gefe ta zauna. Daga nan muryarsa ta sauka.

"Ado, filin nan da ƙuli-ƙuli uwarta ta saye shi. Ina da kuɗin da zan saya mata goma, ta ce ba ta so, nata take so. Ka tambaye shi, ni na ce masa ina son kwangilar da za a biya da wannan?"

Ado ya juyo ya ce wai Alhaji ya ce. Labaran ya ce wa gwiwoyinsa, "Ku gafarce ni, Baba. Na ga kamar bai dace in wuce gabanku ba."

"Ka ce masa ya riga ya wuce. A lasifika aka faɗa."

Suka ci gaba da tafiya har wajen Gidan Zu. Can Alhaji ya ce Ado ya tambaye shi, a farashin nan da ya rubuta, ya sa kuɗin motar da za ta kai sabulu asibitocin ƙauye, ko bushiyar ce za ta kai a bayanta. Labaran ya ƙirga da yatsunsa. Bai sa ba. Alhaji ya ce dama ya sani, tun a zaure da ya ji farashin ya ce ko dai yaron nan ya gano wata rijiyar alayyadi, ko kuwa ya manta da wani abu. Ya ce duk da haka ba za a faɗi ba idan aka bi a hankali, riba ce dai za ta zama ta sayen goro.

A ofis Hajiya Aina'u ta miƙe ta gaida Alhaji, ta dubi Labaran, ta sa aka ƙara buɗe taga. Ta ajiye takardun kwangila. Labaran ya riƙe biro yana jujjuyawa, domin sa hannu a gaban suruki a kan abin da ka ƙwace masa ba ƙaramin aiki ba ne. Alhaji ya tashi ya je bakin taga ya ba su baya, ya ce yana son ya ga motocin da ke wucewa. Labaran ya sa hannu.

Ya ɗago yana tambaya a hankali ko yanzu za a sake masa takardar lamuni ya kai banki. Hajiya ta ce saura abu ɗaya, kuma ta faɗa masa tun ranar farko. Wanda ya ci sai ya kawo wata takardar daga banki, ta tabbacin zai kammala aiki, wadda ta fi ta farko nauyi sosai, sannan a saki ta farkon. Idan bai kawo ba, nan ma lamunin ya tafi. Labaran ya ɗaga kai ya dubi fankar. Tana nan tana juyawa.

Daga bakin taga Alhaji ya tambaya ko doka ta damu da abin da banki zai riƙe. Hajiya ta ce ita dai takarda take so da sunan mai bushiya daga banki na ƙwarai; abin da bankin ya riƙe, da na wanda ya ba da shi, tsakaninsu ne. Alhaji ya ce to yana da sito a Bompai da ba a ajiye komai a ciki sai tattabaru, a riƙe takardunsa, a sakar wa yarinyar nan filinta. Labaran ya zame daga kujera zai yi godiya, Alhaji ya ɗaga hannu ya ce wa Hajiya ta gaya masa kada ya yi saurin godiya. Shi bai taɓa tsaya wa aikin da idonsa ba ya kai ba.

Takardun Na'ibawa suka dawo a cikin makon. Mas'uda ta duba su shafi-shafi, ta shinshina, ta mayar ƙasan akwati ta kulle, ta ce wa mijinta ko hoton su yake son gani nan gaba sai ya zo da shaidu.

Ranar da aka kunna wutar tukunyar farko, marsandi ta tsaya a ƙofar masana'anta tun kafin ma'aikata su gama sauka daga motoci. Ado ya fito da kujera mai hannu da dardumar salla da buta, ya kafa su a inuwa, daidai inda ake ganin tukunya da ma'auni da ƙofar sito gaba ɗaya. Haka aka yi washegari, haka aka yi kullum. Alhaji yakan sa a kawo masa sanda daga kowane zubi, ya ɗan taɓa da harshe ya ji ko soda ta yi yawa, ya gaya wa Ado, Ado ya gaya wa Labaran da ke tsaye taku kaɗan daga wurin. Labaran ya zama baƙo a masana'antarsa. Ba ya iya daka wa lebura tsawa, sai dai ya matsa kusa ya raɗa masa cewa ransa ya ɓaci. Yawo yake ba takalmi a kan siminti mai santsi. Mafi wuya, abincin rana da Mas'uda take aikowa sai ya koma gida yadda ya zo, domin ba a taɓa jin inda mutum ya buɗe baki ya kai loma surukinsa na kallo ba. Motocin sabulu suna fita, Labaran yana ramewa, wuyan rigarsa yana faɗi.

Wata rana da azahar, bayan an idar da salla, Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon da ke ajiye a rufe a kan buhun soda. Ya kira Ado ya ce ya juya masa kujera ta fuskanci bango, akwai wata tsaga a ginin da yake son ya yi nazarinta, kuma nazarin zai ɗauke shi kamar rabin awa kullum.

"In gaya masa, Alhaji?"

"Ba ruwansa da tsagar. Ka dai ce masa miyar tana hucewa."